Yadda Maganin Rashi Ya Koma Hajar Kanti

A shekarun 1890, a tsibirin Java, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ciyarwa da shinkafar da aka surfe tas ƙafafunsu na shanyewa, amma sai su miƙe idan an ba su wadda ba a raba da dusarta ba. Daga nan aka fara gane akwai ciwon da rashin wani abu a cima ke haifarwa. A 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da ya zama bitamin. Ashe tun asali bitamin maganin rashi ne, na mutumin da abincinsa ya gaza. Kasuwa ce ta sauya masa alƙibla. A 1940 kamfanin Miles na Amurka ya fito da One A Day, ƙwaya ɗaya kullum, ga mai lafiya da marar lafiya. A 1994 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta bar irin waɗannan ƙwayoyi su shiga kanti ba tare da an fara tabbatar da amfaninsu ba.

Wani zai ce ko ba su yi amfani ba, ai ba sa cutarwa. Finland ta rushe wannan zance a 1994: cikin maza masu shan taba fiye da 29,000, waɗanda aka ba sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani kuma zai kawo binciken 2012 kan likitocin Amurka fiye da 14,000, inda ƙwayar kullum ta rage sankara da kashi 8. Gaskiya ne, bai kamata a ɓoye ba, sai dai ragin kaɗan ne, kuma ciwon zuciya ko gezau bai yi ba.

Inda akwai rashi kuwa, hujja ba ta da ja. Binciken Alfred Sommer a Indunusiya ya nuna a 1986 cewa bitamin A ya rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 1991 masu bincike a Birtaniya suka tabbatar folik asid na kare jarirai daga tawayar laka. Kan irin wannan turba Najeriya ta wajabta sanya bitamin A a man girki da sukari da fulawa a 2002, kuma ake ba mata maganin ƙarin jini a wurin awon ciki.