Sisters in Crime

Sisters in Crime ƙungiya ce ta marubuta da masu karatu da aka kafa a ƙasar Amurka a shekarar 1987 domin tallafa wa mata masu rubuta ƙagaggun labaran laifi da binciken kisan kai. Ma'anar sunan ita ce 'yan'uwa mata a fagen labarin laifi, kuma ana taƙaita shi da SinC. Mambobinta sun haɗa da marubuta, editoci, masu sayar da littattafai, ma'aikatan laburare da masu sharhi. Maza ma suna iya shiga.

Tarihi

A shekarar 1986 an yi wani taro a kwalejin Hunter da ke birnin New York a kan matsayin mata a cikin labaran bincike. A wurin ne marubuciya Sara Paretsky, wadda ta ƙirƙiri jami'ar bincike V. I. Warshawski, ta yi jawabi a kan yadda ake ƙara nuna azabtar da mata a cikin irin waɗannan littattafai. A wannan lokacin kuma Phyllis Whitney ta rubuta wa ƙungiyar Mystery Writers of America wasiƙa tana kokawa a kan yadda ake tsallake mata a wajen ba da lambar yabo ta Edgar.

A watan Oktoba na 1986 Paretsky ta tara wasu mata a babban taron Bouchercon da aka yi a Baltimore. A shekarar 1987 suka sake haɗuwa a gidan marubuciya Sandra Scoppettone a New York, inda aka kafa ƙungiyar. Cikin kwamitin farko akwai Nancy Pickard, Charlotte MacLeod, Dorothy Salisbury Davis, Susan Dunlap da Kate Mattes, mai kantin littattafai. Paretsky ce ta fara shugabantar ta.

Ayyuka

Aikin da ƙungiyar ta fara shahara da shi shi ne ƙidayar sharhin littattafai. Mambobi sukan bi jaridu da mujallu suna lissafa sharhi nawa aka yi wa littattafan maza, nawa aka yi wa na mata, sannan a sanar da editoci sakamakon. Dalili shi ne laburare da kantuna sukan dogara da sharhi kafin su sayi littafi. Littafin da ba a yi masa sharhi ba yakan yi kwantai, kuma kamfanin ɗab'i na iya ƙin karɓar na gaba daga hannun marubuciyar.

Ƙungiyar tana da reshe na intanet mai suna Guppies wanda aka kafa domin waɗanda ba a taɓa buga musu littafi ba. Tun daga 2014 tana ba da kyautar Eleanor Taylor Bland ga sababbin marubuta waɗanda ba farar fata ba, domin tunawa da marubuciyar baƙar fata da ta rasu a 2010. Tana kuma bai wa laburare tallafin kuɗi.

Taruka da bukukuwa

Rassan ƙungiyar sukan yi taro a kai a kai, inda ake gayyato 'yan sanda, lauyoyi da likitocin binciken gawa su yi bayanin aikinsu, domin kada marubuta su yi kuskure a labaransu. A watan Disamba, lokacin hutun ƙarshen shekara, rassa da dama sukan shirya liyafa a maimakon lacca. Akan ci abinci, a yi musayar littattafai, a taya waɗanda aka buga musu aiki murna. Tun da rubutu aiki ne na kaɗaici, a irin wannan zama ne sababbin marubuta suke saduwa da manyansu. Reshen New England yana haɗa hannu da Mystery Writers of America wajen shirya taron New England Crime Bake a watan Nuwamba.

A Ostareliya

A 1991 an kafa Sisters in Crime Australia a Melbourne. Tana ba da kyautar Scarlet Stiletto ta gajerun labarai tun 1994, da kyautar Davitt ta littattafai tun 2001. An sa wa ta biyun sunan Ellen Davitt, wadda ta rubuta Force and Fraud a 1865.