Kufan Alƙalawa da Kasuwannin Gobir

Alƙalawa, wadda kufanta ke kusa da Gulbin Rima a ƙasar Sabon Birni ta yau, ita ce babban birnin Gobir na ƙarshe kafin jihadi, kuma duk da girman sunanta a tarihin ƙasar Hausa, zamanta na gari mai sarauta bai wuce shekara hamsin da wani abin kirki ba. Gobirawa sun gangaro ne daga Azbin, suka yi zama a Birnin Lalle, sannan a ƙarni na 18 suka shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi masu neman wurin noma, har Sarkin Gobir Babari ya yi ƙarfi ya ci Birnin Zamfara a wajejen 1762. Ruwayar baka ta nuna cewa filin da aka gina sabon birnin gonakin Alƙalin Zamfara ne, daga nan sunan ya samo asali.

A zamanin Bawa Jan Gwarzo birnin ya kai ƙarshen bunƙasarsa, domin a lokacin ne fadar Gobir ke karɓar haraji da jangali, wato kuɗin da ake ɗora wa makiyaya bisa kan kowace saniya, kuma a lokacin ne Inna, wadda ita ce babbar mace a sarautar Gobir kuma shugabar 'yan bori, take da faɗa a ji a cikin fada. Bawa ne sarkin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gana da shi a Magami ranar Babbar Salla, ya ƙi karɓar kyautarsa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bayan Bawa aka yi Yakubu da Nafata da Yunfa, kuma a hannun Yunfa ne al'amari ya ɓaci. An gwabza a Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu suka yi nasara, amma a ƙarshen shekarar suka yi mummunar asara a Tsuntsuwa, daf da Alƙalawa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasu. Sai a watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Yunfa.

Abin da mai ziyara zai tarar a wurin kaɗan ne: tudun ƙasa da ke nuna inda ganuwa ta bi, da gonaki, da fasassun tukwane da garma ke tonowa. Dalili kuwa shi ne da jar ƙasa aka yi ginin, ita kuwa ganuwar ƙasa sai ana yi mata yaɓe bayan kowace damina, in aka bar ta sai ruwa ya mayar da ita inda ta fito. Wannan ya bambanta ta da Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda aka yi ganuwarsa da duwatsu, haka kuma da biranen mutanen Maya na ƙasar Meziko irin su Chichen Itza, waɗanda dalar dutsensu ke jawo baƙi kullum. A Alƙalawa, in babu dattijon da ya san jerin sarakuna ya tsaya yana nuni, baƙo zai ɗauka fili ne kawai.

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun sake shan kashi a Gawakuke a 1836, daga nan suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a wajejen shekarun 1860 wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce, wato garin tsaron iyaka na daular Sakkwato, shi ya sa har yau ake da Sarkin Gobir a Isa da kuma a Sabon Birni, kowanne da tushensa daban. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya.

Kasuwa ce ba ta kula da wannan rabuwa ba. Tun zamanin ayari, Abzinawa ke sauko da gishirin Balma da dabino su koma da gero da tufafi, kuma fataken sukan sauka wurin fatoma, wato mai masaukin baƙi wanda ke ajiye musu kaya ya haɗa su da dillali. Raƙumi ya ba mota wuri, amma a kasuwar Sabon Birni, da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis kusa da Isa, har yanzu dabbobin arewa ake musanyawa da hatsi da albasar fadama, kuma a nan ake ganin zanen Gobirci a kumatun dattawa, ake jin wasan taubasantaka tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Wanda ke neman Gobir mai rai zai fi samunta a rumfunan nan fiye da kufai.

Sai dai hanyar zuwa duka biyun ta yi wuya tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, kuma a watan Agusta na 2024 suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi.