Kwasau: Sarki Ɗaya, Labari Biyu

In aka ambaci sunan Kwasau a birnin Zariya, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne sarkin da Turawa suka tarar a kan gado, suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja, ya rasu a can nesa da gida. Jarumi, ɗan sarki, jikan sarki. To amma je ka ambaci sunan nan a wani ƙauye na ƙasar Atyap, waɗanda muka saba kira Katafawa, ka dubi fuskar dattijon da ke kusa da kai. A wurinsu Kwasau sunan wani zamani ne na gudu da ɓuya, har suna da abin da suke kira gudun Kwasau a harshensu.

Mu da ke zaune a Kafanchan muna tsakanin labaran nan biyu. Na farko mun gaje shi daga iyaye, na biyu kuwa yana bakin maƙwabtan da muke cin kasuwa ɗaya da su. Shi ya sa ya kamata mu san mutumin nan sosai, mu san abin da ya yi, da abin da ya kai shi ga yi.

Gidan da ya fito

Sunansa na yanka Muhammadu Lawal, Kwasau laƙabi ne. Ɗan gidan Barebari ne, ɗaya daga cikin gidaje huɗu da suka riƙe sarautar Zazzau bayan jihadi, wato Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Mahaifinsa Sarki Yero, kakansa Sarki Abdullahi, shi kuma ɗan Hammada ɗan Yamusa. Kun ga sarauta ce tun daga tushe.

Sai dai gadon Zazzau a wancan lokaci ba gado ne mai daɗin zama ba. Masu zaɓen sarki suna Zariya, amma magana ta ƙarshe tana Sakkwato, kuma Wazirin Sakkwato ne ke zuwa da ita. Wanda ya naɗa kuwa yana iya tuɓewa. Kakan Kwasau, Sarki Abdullahi, sau biyu Sakkwato tana sauke shi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida tun yana ƙarami ya san cewa takarda ɗaya daga Sakkwato ta isa ta raba ubansa da rawani.

Ga kuma abokan gaba ta kowace kusurwa. A zamanin Sarki Sambo mayaƙan Ningi sun riƙa kawo hari har kusa da ganuwar Zariya suna kwashe mutane, abin da ya taimaka wajen tuɓe shi a 1888. Ta kudu maso yamma ga Haɓen Zazzau da suka kafa Abuja, wadda yau ake kira Suleja, ba su taɓa daina ganin ƙasar tasu ce ba. Ta yamma kuma ga Kwantagora.

Da Yero ya hau a 1888, darasin da ya ɗauka daga faɗuwar Sambo shi ne doki da mashi kaɗai ba za su ƙara tsare Zazzau ba. Sai ya tara rundunar 'yan bindiga, yawancinsu bayin sarki, bindigogin kuma suna shigowa ta wajen Lakwaja inda Turawan kamfani ke ciniki. Rundunar ta ƙara wa fada ƙarfi ƙwarai. Sai dai ba abokan gaba kaɗai suka ji a jikinsu ba, talakawan Zazzau ma sun ɗanɗana. A cikin wannan runduna da wannan tunani Kwasau ya girma, har ubansa ya ba shi sarautar Madaki, wadda a Zazzau ita ce ta shugaban mayaƙa.

Yadda ya hau gado

Yero ya rasu a 1897. Tun daga Malam Musa ba a taɓa yin sarkin Zazzau da ɗansa ya gaje shi nan take ba. Abin da aka saba, sai sarauta ta leƙa wani wuri tukuna. Waziri Buhari ya iso daga Sakkwato, kuma ba Kwasau ne a ransa ba. Shi kuwa Madaki bai tsaya roƙo ba. Ya tara dawakinsa da 'yan bindigarsa, ya nuna wa kowa cewa in ba shi aka naɗa ba, to sai dai a gwabza.

Me ya sa Waziri ya sakar masa? Ai bai daɗe da ganin irin wannan a Kano ba. A 1893 Sakkwato ta naɗa Tukur, 'ya'yan gidan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, aka yi Basasa har zuwa 1895, jini ya kwarara, daga ƙarshe Aliyu Babba ya zauna a kan gado da ƙarfin takobinsa. Waziri Buhari da idonsa ya ga wannan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya naɗa Kwasau.

A nan za a fara gane halin mutumin. Ba shi da tsoro, ba ya jinkiri, kuma ya iya karanta lokaci: ya gane cewa hannun Sakkwato ya yi sanyi, ya kuma yi amfani da hakan. Amma wanda bindiga ta ɗora a kan gado, dole kullum ya ciyar da masu riƙe da ita. Wannan bashi shi ya biyo shi har ƙasarmu ta kudu.

Yaƙin kudu

A wancan zamani arzikin Zazzau yana kudu. Keffi, Nasarawa, Kauru, Kajuru, Lere, Kagarko da Jama'a duk suna ƙarƙashin Zazzau, suna kai gaisuwa Zariya, ita kuma Zariya tana kai tata Sakkwato. Jama'ar da muke ciki yau, wadda Malam Usman ya kafa a wajen 1810 a gindin duwatsun Daroro, tana cikin wannan sarƙa. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce babban abin da ke cikin gaisuwar nan mutane ne. Da bayi ake noma rumada, da su ake sayen doki, da su ake sayen bindiga da albarushi.

Ƙabilun yankin kuwa kashi biyu ne a idon fada. Akwai waɗanda suka karɓi amana, suna biyan abin da aka yanka musu a bar su. Akwai waɗanda suka ƙi, su ne ake kai wa hari da rani, lokacin da rafuka suka ƙafe, ciyawa ta bushe, doki yana iya gudu. Maganin da mutanen ƙasar suka samo shi ne dutse da kurmi. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi dutsen Kagoro daga nan garin zai gane dalili: doki ba ya hawa can, mai lifidi kuwa in ya sauka ƙasa ya zama abin tausayi a gaban mai kibiya.

A tsakiyar wannan hali akwai Hausawan zango. Zangon Katab masaukin fatake ne, mutanen da abincinsu ke kan hanya. Su dai burinsu hanya ta zauna lafiya, a saya a sayar. Amma da yake harshensu da addininsu ɗaya ne da na masu kawo hari, duk lokacin da runduna ta zo ta koma, su ake bari da mutanen da aka ɓata wa rai.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 Atyap sun ƙi ci gaba da biyan abin da ake karɓa a hannunsu. Jagoran mayaƙansu shi ne Marok Gandu, mutumin Magata. Ga sarkin da ya hau da ƙarfi, kuma yake da 'yan bindiga masu jiran rabo, irin wannan ƙi ba abin da zai kawar wa kai ba ne, don in Katab ta ƙi ta zauna lafiya, gobe wasu ma za su ƙi. Kwasau ya kai musu yaƙi. A 1902 mayaƙansa suka kutsa kurmin Santswan inda mutane ke fakewa, aka kama Marok Gandu, aka tsire shi. Labarin da Atyap ke bayarwa ya ce an kashe wasu manyansu ta hanyoyi masu muni irin wannan, jama'a da yawa kuma suka watse suka bar gidajensu.

Kisa irin wannan ba don a rage yawan mayaƙa ake yin sa ba. Ana yi ne don a dasa tsoro, kowa ya gani ya shiga taitayinsa. Tsoron ya dasu kuwa. Abin da Kwasau bai lissafa ba shi ne tsoro yana gushewa, amma tabon yana zama.

An gudu ba a tsira ba

Yana can yana murƙushe kudu, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. A farkon 1901 Turawa suka ci Kwantagora da Bida. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya tsere da rundunarsa, ya faɗo ƙasar Zazzau yana cin garuruwa. Kwasau ya duba, bai ga mai kawo masa ɗauki ba, sai ya nemi taimakon Turawa. Suka zo, suka kama Nagwamatse a 1902, amma ba su koma ba. Suka kafa bariki a Zariya, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan.

Daga nan zama ya ƙi daɗi. Turawa suka zarge shi da cewa bai daina aika 'yan bindiga ƙauyuka ba, kuma yana hulɗa da Kano a ɓoye. Zargin mai neman ƙasarka dai sai an auna shi, amma ƙarfi yana hannunsu. A watan Oktoba na shekarar kuma Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, abin da ya ƙara dagula al'amari. Kafin 1902 ta ƙare Kwasau yana tsare a hannun Turawa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi na gidan Mallawa sarkin Zazzau.

Ku duba ikon Allah. Shekarar da ya gama da Marok Gandu, ita ce shekarar da aka fitar da shi daga fadarsa. Kabarinsa yana Lakwaja, garin da bindigogin gidansu suka riƙa fitowa. Gidan nasa dai bai mutu ba, don ɗansa Ibrahim ya yi sarautar Zazzau daga 1924 zuwa 1937.

Ba mu kaɗai ba ne

Irin wannan sarki mai labari biyu ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Rumawan nan da aka ambata a Alƙur'ani, masu hedikwata a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, sun yi wani sarki Basil na Biyu, wanda ya yi mulki daga 976 zuwa 1025. Ya shafe shekaru yana yaƙi da Bulgeriya. A 1014 ya ci su a wani wuri da ake kira Kilidiyon, marubutan Rumawa suka ce ya kama mutum wajen 15,000 ya sa aka makantar da su, a kowane ɗari aka bar wa mutum ɗaya ido guda ya ja sauran gida. Sarkinsu Samuwel da ya gan su bai ƙara kwana da yawa a duniya ba. Yau a Atina, babban birnin Girka, akwai titi mai ɗauke da laƙabin Basil, wanda ma'anarsa mai kashe Bulgeriyawa. A Bulgeriya kuwa Samuwel ne gwarzo. Shekara dubu ta wuce, kowane ɓangare yana riƙe da nasa. Duk da haka ƙasashen biyu suna zaune lafiya, suna ciniki da juna.

Abin da ya shafe mu

Yawancin gidajen unguwar nan ba su da alaƙa da rundunar Kwasau. Wasu kakanninmu fatake ne, wasu jirgin ƙasa ya kawo su bayan Kafanchan ta zama mahaɗar dogo a wajen 1927, wasu sun biyo Sarkin Jama'a da ya dawo da fadarsa nan a 1933. A wasu gidajen ma, in aka bi salsala da gaskiya, za a tarar da kaka wadda daga cikin duwatsun nan aka ɗauko ta. Ba wanda za a ɗora wa laifin abin da aka yi kafin a haifi kakansa.

Amma rashin laifi daban, rashin sani daban. Mun ga 1987 a nan garin, mun ga Zangon Katab a 1992, mun ga 1999 da 2011, kowa ya binne nasa. A duk lokacin da wuta ta tashi, tsofaffin labaran nan ake tonowa a zuba mata. Neman da Atyap da Bajju suka daɗe suna yi na a ba su sarautarsu, wanda aka biya musu a 1995 zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, yana da saiwa a irin abin da ya faru a Santswan. Wanda bai san wannan ba, zai riƙa jin maganar maƙwabcinsa kamar ƙiyayya ce kawai ba dalili.

Saboda haka in ɗanka ya dawo daga makaranta ya ce abokinsa ya faɗa masa wani sarkin Hausawa ya tsire kakansu, kada ka ce masa ƙarya ne, kada kuma ka ce ya sunkuyar da kai. Faɗa masa abin ya faru. Faɗa masa sarkin jarumi ne da ya tarar da ƙasa cikin matsi, ya zaɓi bindiga a kan komai, ta ba shi sarautar da ba ta wuce shekara shida ba, ta bar wa na baya gyaran da har yau ba a gama ba. Hisabinsa yana wurin Allah, kamar na kowa. Namu shi ne mu riƙe amanar maƙwabtaka, don masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, amin.