Daga ramin Akuta zuwa ɗakin kwananmu: tarihin iskar radon



Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, da wuya ka samu garin da wani ɗansa bai taɓa zuwa Arlit neman abinci ba. Labarin uraniyom mun san shi, da kuɗinsa da rigimarsa. Amma uraniyom yana da wata jika da ba mu cika zancenta ba, sunanta radon. Yau tarihinta za mu bi, don ƙarshen labarin cikin ɗakunanmu yake.

Radon iska ce marar launi, marar wari. Uraniyom da ke cikin ƙasa yana rikiɗa sannu a hankali ya zama radiyom, shi kuma ya haifi radon. Kowace ƙasa tana da ɗan uraniyom, wata da yawa, wata kaɗan. A fili, iska na watsa radon. A rufaffen wuri ne take taruwa, mutum ya yi ta shaƙa, ɓurɓushinta yana maƙalewa cikin huhu.

Masu haƙar ma'adinai ne suka fara ɗanɗana kuɗarta. Tun ƙarni na 16, a garin Schneeberg na ƙasar Jamus, masu haƙar azurfa ke mutuwa da ƙuruciyarsu da wani ciwon ƙirji. Sai a 1879 likitoci biyu suka gane kansar huhu ce. A 1900 wani masani Bajamushe, Friedrich Ernst Dorn, ya gano iskar kanta, amma an ƙara shekaru da dama kafin a tabbatar ita ce mai ɓarnar.

Mu kuma a Nijar, an gano uraniyom a Azelik a 1957. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, Cominak kuma a 1978, cikin ramin Akuta mai zurfin kusan mita 250. A rami irin wanga, sai da manyan fankoki masu tura iska dare da rana ake iya rage radon. Matsalar ba ta tsaya cikin rami ba. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan ta gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a 2003, suka tarar da ƙarafan ma'adinai masu guba ana sayarwa a kasuwa. A 2009 Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan da aka cike da duwatsun rami, ta ce tururin gubar ya kai ninki 500 na yadda aka saba. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, an bar tulin dusar ma'adinai kimanin tan miliyan 20, wanda sai an binne shi da yumɓu da duwatsu kafin ya rage fitar da radon.

Wani zai ce, to mu da ba mu da rami, ina ruwanmu? Haka mutanen Amurka su ma suka ɗauka, har 1984. A shekarar ne wani injiniya a jihar Pennsylvania ya shiga wurin aikinsa, tashar lantarkin nukiliya, na'urar bincike ta yi ta ƙara a kansa. Da aka bi diddigi, ashe daga gidansa yake kwaso abin, radon ce ke tasowa daga ƙarƙashin daɓensa. Tun daga nan aka koma auna gidaje. A 2009 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kada iskar ɗaki ta wuce bekerel 100 a kowace mita kubik, in ya gagara to kada ta haura 300. Ta ce bayan taba sigari, radon ce kan gaba wajen haddasa kansar huhu, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗarinta.

Yanzu mu dubi kanmu. Ɗakin kara da jinka na kakanninmu iska na ratsa shi ta ko'ina. Mu kuwa mun koma bulo da kwano, da ƴar taga guda, ita ma da hunturu ya shigo sai mu toshe ta da tsumma, mu kwana mu shida ƙofa a rufe. Ba ido ko hanci ke gane radon ba, sai awo: wata ƴar na'ura ce da ba ta kai gwangwanin tumatir ba, a ajiye ta ɗakin kwana wata uku, a kai ta ɗakin bincike. Gida biyu katanga ɗaya ma sakamakonsu na iya bambanta.

Kafin awon ya iso gare mu, akwai abin da ke hannunmu. Mu buɗe ƙofa da taga kullum safiya, ko da sanyi. Mai sabon gini ya sa taga biyu masu kallon juna, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba daɓe. Mu liƙe tsagar daɓe da ta gindin bango da siminti. Kada a sha taba cikin ɗaki. Ɗan uwa mai dawowa daga Arlit kuma, don Allah ya bar ƙarfe ko bututun da bai san asalinsa ba can inda ya gan shi.

Mutanen Schneeberg sun yi ta binne ƴaƴansu ba su san dalili ba. Mu an riga an gaya mana. Allah shi kiyaye mu da iyalanmu.