Zuciyar Ɗan Tsakon da Aka Ce Ba Ta Mutuwa

A watan Janairu na 1912 wani likita ɗan Faransa mai suna Alexis Carrel, da ke aiki a cibiyar bincike ta Rockefeller a birnin New York, ya ciro 'yar tsoka daga zuciyar ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba. Ya sa ta a kwalba, ana zuba mata ruwan abinci. Tsokar ta yi ta girma, ana rage ta, tana ƙaruwa. Carrel ya rasu a 1944, amma ba a zubar da ita ba sai 1946. Shekara 34 ke nan, abin da ya wuce kwanan kowace kaza.

Masana suka ɗauka magana ta ƙare: ƙwayoyin halittar jiki ba sa tsufa, muddin an kula da su yadda ya kamata. Carrel yana da lambar yabo ta Nobel, wa zai ja da shi? Duk wanda ƙwayoyinsa suka mutu a kwalba, sai a ce bai iya aiki ba.

A 1961 Leonard Hayflick da abokin aikinsa Paul Moorhead, a cibiyar Wistar da ke Philadelphia, suka nuna ba haka ba ne. Ƙwayar jikin mutum lafiyayya takan rabu gida biyu kamar sau 50, daga nan ta tsaya. Abin mamaki, da suka daskarar da wasu a tsakiyar tafiya, suka narkar da su daga baya, sai suka ɗora lissafi daga inda suka tsaya. To tsokar Carrel fa? Zaton masana shi ne, ruwan abincin da ake haɗawa daga jikin wasu 'yan tsaki yana shigo da sababbin ƙwayoyi. Ba wanda ya iya maimaita aikin nasa.

Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan. A bakin kowane zaren gado da ke cikin ƙwaya akwai wani abu kamar kalmasar bakin zane, mai hana shi zarewa. Duk rabuwa sai kalmasar ta ragu. Binciken wannan ne ya kawo wa mutum uku lambar Nobel a 2009. Ƙwayoyin da ke tsallake iyakar, su yi ta rabuwa ba tsayawa, mun san su: irin na ciwon daji ne.

A cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu da takarda, ba wanda ya kai Jeanne Calment ta garin Arles a Faransa. An haife ta a 1875, ta rasu a 1997, tana da shekara 122. A nan wasunku kan rikice, don Farawa 6:3 ta ambaci shekara 120. Matar nan ta ƙaryata Littafi Mai Tsarki ke nan? Ku ci gaba da karanta Farawa. Bayan wannan aya Ibrahim ya yi 175, Ishaku 180, Yakubu 147. Wanda ya rubuta littafin ya san da su. Shi ya sa iyayen ikilisiya irin su Jerom da Agustin suka fahimci 120 ɗin a matsayin wa'adin da Allah ya ba mutanen zamanin Nuhu su tuba kafin ruwan tsufana. Ni ma nan na fi karkata, kuma ba na jin daɗin yadda wasu masu wa'azi ke mai da ayar nan alkawari, har a sa wanda ya binne mahaifinsa ɗan shekara 60 ya riƙa zargin bangaskiyar gidansu.

Zabura 90, wadda aka jingina wa Musa, ta ƙiyasta kwanakinmu a kan 70, ko 80 ga mai ƙarfi, alhali Musa kansa ya kai 120. Rigakafi da ruwa mai tsabta da magani sun ceci yara da yawa, mutane da dama suna kaiwa wannan ƙiyasi yanzu, amma tun 1997 ba a sami wanda ya wuce matar Arles ba.

Hayflick ya nuna mana yadda jiki ke ƙarewa. Bulus a Romawa 5 yana amsa wata tambaya dabam, wato ta wace ƙofa mutuwa ta shigo, ya ce ta zunubin Adamu, ya kuma kafa begenmu a kan Almasihu. Kwalba ba ta iya auna wannan, Hayflick bai ma yi da'awar aunawa ba. Shi dai bai yarda da masu tallar maganin hana tsufa ba, ya yi ta sukar su a fili. Ya rasu a 2024, yana da shekara 96.