Ƙidayar da ta sauya alƙiblar tallafi

Tun daga 1991, Najeriya ta riƙa auna yaɗuwar cutar ƙanjamau ta gwajin jinin matan da ke zuwa awon ciki a zaɓaɓɓun asibitoci. A 2001 wannan ma'auni ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari. A 2018 aka bi gida-gida a faɗin ƙasar, sai adadin ya fito 1.4, Arewa maso Yamma kuwa 0.6. Daga nan tallafin Amurka ya ƙara karkata zuwa Ribas da Akwa Ibom. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai binciken bai sauka ƙasa da matakin jiha ba. Zuru, can kudancin Kebbi, ba ta samu adadin kanta ba.