Daga Kasuwar Galadima zuwa Tafkin Chadi: Tarihin Ruwan Tarayya da Haƙƙin Na Ƙasa a Kan Na Sama

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa kasuwar kifi ta Galadima, a yankin Fagge da Sabon Gari, zai ga kwalayen banda jere. Shekara da shekaru, mafi shaharar wannan kifi daga Baga ake kawo shi, a gaɓar Tafkin Chadi, ruwan da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka yi tarayya a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana cewa Kano ba mai saye ba ce kawai a wannan sha'ani. Tana cikin waɗanda amanar tafkin ta rataya a wuyansu.

Kafin zuwan Turawa, tafkin yana ƙarƙashin inuwar daular Kanem-Barno, kuma fatake na ɗauko kanwa da busasshen kifi daga can zuwa ƙasar Hausa. Da Ingila da Faransa da Jamus suka raba yankin, sai suka ja iyakoki a kan ruwan da ba ya zama wuri guda. Bayan samun 'yancin kai, shugabannin ƙasashen huɗu suka haɗu a Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, ranar 22 ga Mayu, 1964, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, bisa alƙawarin cewa babu wadda za ta yi aikin da zai taɓa ruwan ba tare da shawartar hukumar ba.

Ba a jima ba jarrabawa ta zo. Tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye matuƙa sakamakon farin shekarun 1970 da na 1980. Masunta suka bi ruwa duk inda ya nufa, domin kifi bai san iyaka ba. A 1983 sojojin Nijeriya da na Chadi suka yi arangama a kan tsibirai. Garin Darak kuwa, wanda masuntan Nijeriya suka zauna, sai da Kotun Duniya ta hukunta a 2002 cewa na Kamaru ne. Daga baya aka koma teburin shawara: a 2000 shugabannin suka ayyana tafkin a matsayin dausayin tarayya abin kiyayewa, bisa yarjejeniyar Ramsar ta 1971, sannan a 2012 suka amince da kundin rabon ruwa.

To, ina Kano ta shigo? Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa tafkin. Gaskiya ne mafi yawan ruwan tafkin daga kogin Chari da Logone yake zuwa. Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da manoma da makiyaya da masuntan ƙasa suke dogaro da ita ta ragu. Ruwan da ya shayar da gonakin Kadawa, wani ne a gabas ya rasa shi.

Fiƙihu bai bar wannan babi fayau ba. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke tabbatar da tarayyar Musulmi a ruwa da makiyaya da wuta. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hukuncin Annabi (SAW) a kan ƙoramun Mahzur da Muzainib na Madina: na sama ya tare ruwa iya idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Ke nan gabaci haƙƙi ne mai iyaka, ba mallaka ba. Haka nan asalin keɓe wuri don maslahar jama'a, wato hima, tabbatacce ne: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. A ƙasarmu ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattauna hukunce-hukuncen keɓanta da mataccen fili a littafinsa Ta'alimur Radi.

Abin da tarihin hukumar ya nuna shi ne, sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne na sama ya yarda ya saki abin da ke hannunsa. Malamanmu sun yawaita bayani a kan ruwan tsarki, amma sun taƙaita a kan ruwan tarayya. Lokacin da rikicin Boko Haram ya tsayar da kasuwar Baga a 2015, 'yan kasuwar Kano sun ji a jikinsu. Ya kamata ɗaliban fiƙihu su ɗauki mas'alar sakin ruwan madatsu a matsayin mas'alar haƙƙin bayi, wanda ba a yafe shi sai mai shi ya yafe.

Allah ne Mafi sani.